Tashe a Damri: Wasan Azumi da Zai Iya Ɗaukar Nauyin Marayu

Da zarar watan azumi ya kwana goma, yara a Damri da sauran garuruwan da ke tsakanin Bakura, Talata Mafara da Maradun, kamar takwarorinsu a ko'ina cikin ƙasar Hausa, sukan shiga neman tsumma, auduga, gawayi da karan dawa. Bayan an sha ruwa sai su fito ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban, suna bin gidaje da bakin shaguna da majalisun dattawa. Wani ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho, ya ranƙwafa da sanda yana tafiya da kyar. Wani ya shiga cikin dokin da aka ɗaura da kara yana sukuwa. 'Yan mata kuma su kifa ƙoƙo a cikin ƙwarya mai ruwa suna kaɗawa. Duk gidan da suka shiga sai an yi dariya, kuma da wuya su fita hannu rabbana. Wannan shi ne tashe, wanda akan yi a goman tsakiya na Ramadan a bar goman ƙarshe ga ibada. Ra'ayina a kansa shi ne, tsari ne da magabata suka gina don abin hannu ya fita daga gidan mai shi cikin raha, kuma a yankin da marayu da 'yan gudun hijira suka yi yawa kamar namu, ya fi dacewa a gyara shi a ɗora masa aikin taimako da a bar shi ya mutu.

Sai an dubi wasannin ɗaya bayan ɗaya ake gane cewa akwai tunani a bayan shigar burtun. A wasan Tsoho da Gemu, yaro ne ke kwaikwayon rauni da gajiyar tsufa, abokansa suna roƙa masa taimako. Masu kallo suna dariya, amma an tuna musu cewa akwai tsofaffi na gaske a unguwa da ƙarfinsu ya ƙare. Jatau Mai Magani yana ɗauke da tarkacen saiwoyi da ganyaye yana lissafa cututtukan da yake warkarwa, wanda a lokaci guda koyar da sunayen itatuwa ne da kuma zolayar masu tallar maganin da ba abin da ba ya warkarwa. A wasan Mairama da Daudu 'yan mata kan nuna zaman aure, yadda ake kai wa miji abinci da yadda ake tarairaya, har da irin halin mazan da ba a iya musu. Akwai wanda ake shigar malami da rawani da allo, ana tuhumarsa da abin da bai dace da malami ba yana musantawa alhali jikinsa na tona shi. A ranar da ba ta tashe ba, yaron da ya kwaikwayi malami ko mai gida a gabansa zai sha bulala. A waɗannan darare goma kuwa an ba shi izini, kuma wanda ake zolaya shi ne zai sa hannu a aljihu ya biya. Al'ummar da ke girmama na gaba kamar tamu tana buƙatar irin wannan ƙofa, inda ƙarami zai faɗa wa babba gaskiya ba tare da an kira shi marar kunya ba.

Abin da ake bayarwa ma abin lura ne. A karkara matan gida kan ɗebo gero ko dawa a ƙoƙo, maza su ba da 'yan canji, masu shago su miƙa alewa ko dabino. Yaran sukan tara abin da suka samu a hannun babbansu ko wata uwa da suka amince da ita, su raba in an gama, wasu su yi kayan salla da shi, wasu su haɗa su dafa abinci. Masu cewa wannan bara ce da aka yi wa kwalliya ba su kalli yadda abin ke gudana ba. Mabaraci yana zuwa da buƙatarsa kaɗai, mai tashe kuwa ya zo da abin da ya shirya, ya ɓata yini yana ɗinka kaya da haddace amshi, an kalla an ji daɗi an saka masa. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka suna cikin ƙungiya guda, fuska duk ta sha gawayi, rabo kuma daidai. Ta haka yaron da gidansu ba a ɗora tukunya ba yake komawa da hatsi ba wanda ya nuna shi da yatsa. Hausawa sun san cewa ba da sadaka da sauƙi, karɓarta ce ke da nauyi, kuma tashe ya sauke wannan nauyin tun kafin a fara maganar ƙungiyoyin agaji.

Ba mu kaɗai ne muka gano cewa shigar ban dariya na buɗe aljihu ba. A ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha, irin su Katar da Kuwait, yara kan yi ado a tsakiyar Ramadan su bi gidaje ana ba su alewa da gyaɗa. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai wasan Dodo da samari ke yi cikin azumi da fuskokin dabbobi, wanda masana suka danganta zuwansa da fataken Hausawa na ƙarni na 19. A Amurka kuwa akwai SantaCon, da aka fara a San Francisco a 1994 ya kuma fi ƙarfi a New York: dubban mutane kan sa jajayen kaya da farin gemu irin na Santa a watan Disamba, su yini suna bin mashaya bayan mashaya, ana biyan kuɗin shiga da aka ce na taimakon mabuƙata ne. Shan giya ba shi da wuri a yankinmu. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, ɗan wannan yanki. Amma in aka cire giyar, ƙashin bayan abin ɗaya ne: lokacin biki, sauya kama, bi ƙofa-ƙofa, tara kuɗi. Bambancin shi ne su sun rubuta wa nasu manufa sun ce na agaji ne, mu kuma namu yana yin agajin a ɓoye ba mu taɓa ba shi sunan ba.

Suka mafi nauyi daga malamai take fitowa, kuma ba a yi mata gaggawar amsa. Suna cewa Ramadan watan Alƙur'ani ne, ga tarawihi ga tafsiri, yara kuma suna can suna kiɗa. Suna cewa akwai wasannin da mace ke shigar maza ko namiji ke shigar mata, abin da hadisi ya hana. Suna kuma nuna yadda samari da 'yan mata ke fakewa da tashe su yi yawon dare. Duk wannan akwai shi. Sai dai al'adar da kanta ta riga ta yi wa kanta iyaka, tunda ba ta taɓa goman farko ba, ta kuma kauce wa goman ƙarshe da ake neman Lailatul Ƙadri a cikinsa, kuma bisa abin da ake ruwaitowa asalinta ma hidimar azumi ce, ta tayar da mutane sahur a zamanin da babu agogo babu lasifika. Wasan da ya saɓa wa shari'a ana iya ajiye shi, sauran ba su yi laifin komai ba. Lokacin ma ana iya tsara shi yadda ba zai ci karo da salla ba. Malamin da ya hana tashe ɗungurungum ya san yaran ba masallaci duka za su nufa ba. Da yawansu waya za su koma, inda ba uwa ba maƙwabci da ke ganin abin da suke kallo.

Suka ta biyu ita ce ta tsaro, kuma a Damri ba a buƙatar a yi wa kowa bayaninta. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a ƙaramar hukumar Bakura, suka kashe mutane fiye da 40. Kafin nan, a Fabrairun 2021, an kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Satumban shekarar kuma aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a jihar. Uban da ya ga wannan ba za a ce masa ya saki 'yarsa ta yi yawon dare ba, kuma duk wanda ya ce masa haka bai san ciwon ba. Ko a Kano, inda tashen gwauro na Nalako ya yi suna, 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke shiga rigarsa. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne dare ya lalace, kuma tashe ba dole sai da tsakar dare ba. Ana iya yin sa bayan la'asar, ko a ɗan tsakanin shan ruwa da isha'i, a cikin unguwa, ƙarƙashin idon mai unguwa da iyaye, ba tare da an tsallaka zuwa wani ƙauye ba. 'Yan bindiga sun riga sun raba mutane da gonaki da hanyoyin kasuwa. Ban ga dalilin da za mu ƙara musu da dariyar yara da hannunmu ba.

A nan ne maganar ɗora wa tashe aiki ta shigo. Kowane hari yana barin zawarawa da marayu, kuma garuruwa irin su Bakura da Talata Mafara sun sha karɓar mutanen da suka baro ƙauyukansu. Ƙasar kuwa ba matalauciya ba ce ta fuskar abinci in an samu zaman lafiya, domin madatsar ruwa ta Bakolori, da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin shinkafa da kayan lambu na wannan yanki. Da ƙungiyoyin tashe na kowace unguwa za su ware wani kaso na abin da suka tara, ko su keɓe dare biyu cikin goma su sanar cewa na marayu ne, mai ba da ƙoƙo ɗaya zai ba da biyu, domin ya san lada biyu zai samu a wata mai alfarma. Za a ce ai wannan ƙwace wa yara ɗan abin da suke samu ne. Amsar ita ce marayun nan su ma cikin masu tashen suke, kuma yaron da ya ɗauki buhun da ya tara da rawarsa ya kai ƙofar gidan da aka kashe mai shi ya koyi abin da wa'azin shekara ba zai koya masa ba. Samari da magidanta ma na iya shiga, kamar yadda manya ke yin tashen gwauro, su bi 'yan kasuwa da masu injin casar shinkafa inda kuɗin yake. Tashen gwauron dai yana buƙatar sassauci: a lokacin da maza da yawa suka rasa matansu ta hanyar da ba su zaɓa ba, ɗaure wa mutum igiya a zagaya da shi gari ya daina zama abin dariya.

Akwai darasi ɗaya da ya kamata a ɗauka daga New York tun kafin a fara. A 2023 kafar labarai ta Gothamist ta binciki kuɗin SantaCon, ta gano cewa cikin kimanin dala miliyan 1.4 da aka tara daga ƙarshen 2014 zuwa 2022, abin da ya isa ga ƙungiyoyin agaji masu rajista bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Da zarar an ambaci sadaka a kan kuɗin jama'a, sai an sami mai lissafi, in ba haka ba sunan marayu zai zama jarin wasu. Abin da aka tara a auna shi da mudu a gaban limami da mai unguwa, a faɗi adadinsa a masallaci, a raba kafin salla ga gidajen da kowa ya sani. Jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, amma wannan ƙaramin aiki ne da bai kamata ya jira takarda daga Gusau ba.

Kira na ga masu unguwanni da limamai da hakimai na ƙasar Bakura, Mafara da Maradun: kafin azumi mai zuwa ya kwana goma, ku zauna da shugabannin samari ku tsayar da lokaci da iyakar unguwa, ku tantance wasannin da za a yi, ku naɗa wanda zai riƙe mudun marayu.