Kafin ka sayi injin gurzar daɓe na hannu

Ka tara 'yan kuɗaɗenka, sai ga hoton injin gurzar daɓe a Facebook, mai shi yana Sabon Gari, wai "kamar sabo". Ɗan'uwa, kar ka tura ko sisi. Cinikin biri a sama ke nan.

Ku haɗu a PZ, ka je da makanikenka. A kunna a gabanka, a ɗora shi kan kankare na gaske, ya yi minti 10 yana aiki. Ƙara mai kaushi, boris ne ya mutu. Ƙauri, kwayil ne ke ƙonewa. In yana rawa a hannu, faifan ya karkace, zai rarake daɓen mutane, kuma kai za ka biya.

Duba rubutun jikinsa: fes ɗaya ne ko uku? Mai fes uku ba zai tashi da ƙaramin janaretanka ba in ka samu aiki a gidajen hayar ɗalibai a Samaru. Tambaya ko duwatsun gurzarsa na samuwa a Zariya, ko sai an je Kano. Karɓi rasit, kar kayan sata su kai ka ofishin 'yan sanda.

Fenti kuwa, kowa na iya shafawa.