Masassarar cizon sauro: yadda ƙwayar cutar ke buɗe ƙofar jini

Jama'a masu saurarenmu a Gaya da ƙauyukan bakin kogin Isa, da ƴan uwa na Malanville da Kamba da na nesa, tun da aka ƙaddamar da allurar rigakafin masassarar cizon sauro nan Gaya a watan Satumba 2024, tambaya guda ke ta dawowa: yaro ya samu allura, to don mi jikinsa ya sake zafi?

Amsar tana cikin tafiyar ƙwayar cutar. In sauro ya ciji mutum, hanta take fara sauka, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa shiru. Allurar RTS,S a kan wannan hanya take tsare ta, kuma ba duka take kamawa ba. Waɗanda suka kuɓuta su ne ke fantsama cikin jini.

A nan abin mamakin yake. Ƙwayar ba ta da ido, amma tana gane inda take. Ruwan jini ba shi da sinadarin potasiyam da yawa. Da ta ji haka, sai kalsiyam ya tashi a cikinta, kamar an buga ganga a fada. Nan take ta fito da mabuɗanta. Ɗaya, mai suna RH5, yana kama wani kwaɗo da ake kira basigin a jikin jar ƙwayar jini. In bai kama ba, babu shiga. In ya kama, ba a cika minti guda ta shige ta rufe. Bayan awa 48 ta hayayyafa, wata sanarwar ta sake kaɗawa, su fasa ɗakin su fito. Fashewar nan ce ke kawo rawar ɗari da zafin jiki, ita ce kuma ke ƙarar da jinin yara.

Masu bincike sun gwada wata allurar da ke toshe RH5 a kan yara a Nanoro, ƙasar Burkina Faso, kuma sakamakon 2024 ya nuna ta rage kamuwa da wajen rabi. Mu a ganinmu labari ne mai daɗi, sai dai ba ta iso asibitocinmu ba tukuna.

Saboda haka, ko yaro ya samu allura, in jiki ya yi zafi a kai shi a gwada jini ranar, kar a jira gobe. Sange kuma a ci gaba da ɗaurawa, balle masu kwana kusa da gonakin shinkafa.