Farin magi: daga masana'antun Asiya zuwa tukunyar miya

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya a sami teburin kayan miya da babu ƙunshin farin magi, wanda mata suka fi sani da Ajino. Na ƴan daloli uwargida ke saye, amma abin da duniya ke sarrafawa ya zarce tan miliyon 3 a shekara.

Asalinsa Japan ne. A shekarar 1908 wani masani na jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya ware sinadarin gulutamat daga wata ciyawar teku da mutanen ƙasar ke yin romo da ita. A 1909 aka soma sayar da shi da sunan Aji-no-moto. Da fari daga alkama ake tatso shi, da wahala da tsada. A 1956 kamfanin Kyowa Hakko ya gano wata ƙwayar halitta da ke cin sukari tana fid da gulutamat, sai aka koma ga rake, rogo da masara, farashi kuma ya sauko.

Yau ƙasar Sin ce ke riƙe da ragamar kasuwar, ita ta fi kowa yi, ita ta fi kowa ci. Manyan kamfanoninta, irin su Fufeng da Meihua, da masara suke aiki. Arahar kayansu ta sa Tarayyar Turai ta aza musu ƙarin kuɗin kwastan a 2008, Amurka ta bi sahu a 2014.

A yammacin Afirka, kamfanin Ajinomoto ya buɗe reshe a Legas a 1991, inda ake zuba hajar cikin ƙananan ledoji daidai aljihun talaka. Daga Najeriya kaya kan biyo hanyar Kano da Katsina su shigo Maraɗi. Rogo, rake da masara duk ana noma su a wannan yanki, amma ribar sarrafawa a Asiya take zama.

Hajar ba ta rasa masu suka ba. Tun 1968 ake zarginta a Amurka da haddasa ciwon kai, sai dai kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 1987 cewa ba ta da lahani gwargwadon yadda ake sa ta a abinci. A 2017 hukumar abinci ta Turai ta yanka iyaka: miligaram 30 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai hawan jini kuwa ya kamata ya tuna tana ɗauke da sodiyom kamar gishiri, ko da yake bai kai na gishiri yawa ba. A Indonesiya, farkon 2001, an janye Ajinomoto daga kasuwa bayan majalisar malamai ta ce an yi amfani da wani sinadari na alade wajen rainon ƙwayoyin. Kamfanin ya sake hanyar aikinsa.

Ɗanɗanon da ake sayowa daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Idan kalwa ko ƴaƴan yakuwa suka ruɓa suka zama daudawa, gulutamat ɗin nan ne ke fita, tare da abin gina jiki da farin magi ba shi da shi. Amma daudawa na cin kwanaki ana dahuwa da daka, itacen girki na tsada, ɗorawa kuma na raguwa a gonaki. Matan karkara masu wannan sana'a su ne ke gasa da masana'antun ƙasar Sin a kan tebur guda.