Kafin ka sayi kwale-kwale, binciki masassaƙinsa

Ƴan uwa masunta na Gidan Rumji, Agiye da Gazawa, ruwanmu na damina ne. Gulbin Maraɗi da tabkuna sukan ƙafe, jirgi ya yi watanni bisa rairayi, rana tana dukansa har katako ya tsattsage. Don haka kada fenti ya ruɗe ka. Ɗanyen katako zai buɗe baki da rani, ya yi yoyo ranar da ɗanka yake ciki. Dubi kusoshi da kwaltar mahaɗai. Icen maɗaci yana da juriya, ko da yake ya yi wuya yanzu. A gwada jirgin cikin ruwa, da kaya, kafin a biya. Sannan je ka tabkin Madarunfa ka tambayi masunta: jirgin wane masassaƙi ya shekara biyar bai sha ruwa ba?