A rubuta sunan mai kula da tsohonmu tun ƙofa na buɗe

Iyayenmu da 'yan uwa, ba mu manta da 13 ga Maris 2020 ba, ranar da gwamnatin Amurka ta hana ziyara a gidajen jinyar tsofaffi saboda korona. Watanni aka yi ana gaida Alhazai da Hajiyoyinmu ta taga da waya.

A Maris 2021 Jihar New York ta yi doka: tsoho ko wakilinsa zai iya zaɓen wanda zai riƙa shiga yana kula da shi, ko da an hana sauran baƙi lokacin annoba, muddin ya bi ƙa'idojin kariya na gidan.

Mu masu harhaɗa magani mun san amfanin wannan. Tsohon da cutar mantuwa ta kama, sau da yawa Turancin ke fara guduwa, Hausar Nima ko Kumasi ta rage. 'Yarsa ce za ta gane sabon maganin barci ne ke sa shi jiri, ko ya ƙi abinci ne don yana shakkar halaccin naman. Nas mai tsofaffi da yawa a hannu, ina za ta sani?

Ku je ofishin gidan a rubuta sunan, ku karɓi kwafi. In sun ƙi, ku kira ofishin Ombudsman na jiha, kyauta ne.