Yanke rufin mota: abin da ya kamata a sani kafin a kai ta wurin mai walda

 Yau magana ce a kan motar da ake yanke wa rufi, a mai da shi na cirewa da mayarwa. Wani don ya ɗora buhunan gero ko kayan lambu zuwa kasuwa yake so, wani kuwa don shan iska da kwalliyar biki. Sau da yawa motar ma ɗan uwa ne ya turo ta daga Turai ta Kotonu ko Lome, da guminsa. To, kafin a sa mata wuta, ga abin da ke ciki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani mai zanen motoci a Amurka, Gordon Buehrig, ya yi rajistarta a 1951, sannan motar Chevrolet Corvette ta fito da ita a 1968: murfi biyu, ɗaya bisa direba, ɗaya bisa na gefensa. Amma ku lura, ba su cire rufin duka ba. Sun bar ƙarfe a tsakiya, daga gilashin gaba zuwa baya, don ya riƙe jikin motar. A Jamus ma, da kamfanin Porsche ya nuna samfurin Targa a 1965, sai da ya kafa wani faffaɗan ƙarfe kamar baka a bayan kujeru, saboda ranar da mota za ta kife.

Dalilin wannan shi ne motoci iri biyu ne. Akwai masu shasi, wato ƙashin baya na ƙarfe da aka ɗora jiki a kansa, kamar Hilux, Land Cruiser da tsohuwar Land Rover. Irin su Land Rover ta da da Land Cruiser FJ40, tun daga masana'anta da ƙusoshi aka ɗaure rufinsu, ana iya kwance shi a mayar. Sai kuma ƙananan motoci kamar Corolla da Starlet, waɗanda ba su da shasi daban. Jikinsu shi ne ƙashinsu: ƙasa da ginshiƙai da rufi duk haɗe suke, kowanne na riƙe da ɗan uwansa. Ku ɗauki kwalin sukari ku yanke murfinsa, ku murɗa shi, ku gani. Haka motar ke komawa.

Kuma ba ranar farko ake ganin illar ba. Sai ta sha hanyar laterit da ramuka, sannan ƙofofi su fara ƙin rufuwa, gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya taɓa shi ba, waldar ta riƙa buɗewa. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Babbar asara ita ce ranar haɗari. Ginshiƙin tsakiya shi ke riƙe da bel ɗin kujera, kuma shi da rufi ne ke hana mota maƙurewa a kan mutane idan ta wuntsila. Wasu motocin zamani ma akwai jakar iska ta kariya a ɓoye a gefen rufinsu, mai yanka yana iya lalata ta bai sani ba.

Sai kuma yanayinmu. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, robar da ke toshe bakin murfi tana bushewa ta tsattsage. Da ruwan Yuli da Agusta ya sauka, sai ya bi ta nan ya jiƙa kujeru da wayoyin lantarki, tsatsa ta kama bakin da aka yanke. Da hunturu kuma ƙura ce. Ko motocin da masana'anta ta yi da irin wannan rufi an san su da yoyo idan sun tsufa, balle aikin hannu.

Wanda ya ce shi lallai sai ya yi, to ga shawara. A zaɓi mota mai shasi. Kada a taɓa ginshiƙai da firam ɗin gilashin gaba. Tun kafin a yanka, a ɗaure jikin motar da ƙarafa ta ciki don kada ya karkace, a bar sanda a tsakiya, a ƙara ƙarfen baka mai kauri da aka kafa a jikin shasi, ba a kan falle ba. A cire batir, a nisanta wuta daga tankin mai. A shafe bakin yanka da maganin tsatsa, a yi wa ruwa hanyar fita, a sa maƙulli mai ƙarfi, don murfin da iska ta fizge a kan hanyar Dan Isa yana iya hallaka mai babur da ke biye.

Kada a manta da takardu. Kart giriz na ɗauke da irin jikin mota da yawan kujerunta. Idan siffar ta canza, ana iya samun matsala da jandarma a hanya, ko da kamfanin inshora bayan haɗari. A fara zuwa ofishin sufuri a tambaya, kafin a biya mai walda.

In dai don kaya ne, iyayenmu sun riga sun samo hanya: Peugeot 404 da 504 bashe, da firam na ƙarfe da tampol a baya, a yaye da rani, a rufe da damina, gidan direba kuma yana nan lafiya lau. Ƴan uwa da ke waje, idan motar aiki za ku turo gida, ku tambayi aikin da za ta yi tukuna, ku sayi mai buɗaɗɗen baya tun can. Allah ya tsare mu a hanya, amin.