Keken Gangaren Tsaunuka: Riƙonsa Ya Fi Sayensa Wuya

A ƙasashen Turai da Amurka da Kanada akwai wani irin keke wanda kuɗinsa ya fi na sabon babur, wani ma yakan kai kuɗin ƙaramar mota ta gwanjo. Ba a zuwa kasuwa da shi, ba a ɗora masa buhun gero, ko wurin ɗaura kaya ba shi da shi. An ƙera shi ne domin a kai shi ƙololuwar tsauni a sako shi ƙasa a guje, ta kan duwatsu da saiwoyin itatuwa da ramuka. Yanzu da wayar hannu ta kawo bidiyon masu wannan wasa cikin kowane gida, matasanmu da dama sun fara sha'awarsa, wasu har suna sayen kekunan da suka yi kama da shi a kasuwa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan keke, me yake iyawa, kuma me yake ci wa mai shi.

Inda abin ya faro

Asalin wasan daga gundumar Marin ne, a jihar Kalifoniya ta Amurka. A can ne wasu samari, cikinsu har da Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze, suka riƙa tsintar tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan tudu. Ranar 21 ga Oktoba, 1976 suka yi tserensu na farko a wata hanyar ƙasa kusa da garin Fairfax, wadda tsawonta bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba, amma daga samanta zuwa ƙasanta akwai kusan mita 400. Birkin waɗancan kekuna yana cikin cibiyar tayar baya ne, irin wanda ake take feda baya ya kama. Kafin a iso ƙasa zafi ya ƙone giris ɗin da ke ciki, sai an kwance an sake cusa wani. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack, wato sake cusa giris. Ke nan tun ranar farko, kowace gangara da gyaranta take tafe.

A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan tsauni na farko da aka ƙera da yawa domin sayarwa. A 1989 kamfanin RockShox ya kawo shokazoba ta gaba, kuma a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a garin Durango na jihar Kolorado, inda Greg Herbold ya lashe tseren gangara. Ba a daɗe ba kamfanoni suka fara sa wa tayar baya tata shokazoba.

A cikin shekarun 1990 kuma wani salo ya ɓullo a yammacin Kanada, a dazuzzukan arewacin birnin Bankuba da tuddan garin Kamloops. Su waɗannan ba ruwansu da agogo ko alƙali. Sai su kakkafa siraran gadojin katako a tsakanin itatuwa, su bi ta kai, su diro daga kan dutse, kowa ya zaɓi hanyar da ransa yake so. Wannan shi za mu iya kira hawan ganin-dama, kuma Wade Simmons da Richie Schley da Brett Tippie na cikin waɗanda suka fito da shi idon duniya. A 1999 aka buɗe filin kekuna na Whistler, inda kujerun nan masu rataye a igiyar ƙarfe, waɗanda ke kai masu wasan ƙanƙara sama a lokacin sanyi, suka koma ɗaukar masu keke a lokacin zafi.

Abin da ya raba shi da sauran kekuna

Babban bambancin shi ne shokazoba gaba da baya, da kuma iya nisan da take lotsawa idan taya ta daki dutse. Keken tseren daji na hawa da sauka yana lotsawa milimita 100 zuwa 120. Na ganin-dama yana kai 170 zuwa 180, na tseren gangara zalla kuwa kusan 200, wato kamar taƙi guda. A cikin kowace shokazoba akwai sufurin na ƙarfe ko iska mai matsi, sannan akwai mai da ke ratsa wasu ƙananan ƙofofi. Man nan shi ke hana keken yin tsalle-tsalle bayan ya daki abu, shi ya sa taya ke manne da ƙasa ko da hanya ta yi muni.

Haka kuma an miƙar da tayar gaba can gaba, an tsawaita jikin keken, an faɗaɗa kansa har kusan santimita 80, duk domin kada ya wuntsila da mai shi a gangara. Birkinsa na faifai ne mai aiki da mai, irin na babur, kuma faɗin faifan yakan kai milimita 200 ko fiye. Tayoyin masu kauri ne da manyan haƙora, akasari ba tiyub a ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe huda da kansa. Duk waɗannan suna ƙara nauyi, shi ya sa irin wannan keke yake kai kilo 16 zuwa 18, alhali na tseren kwalta bai fi kilo 7 zuwa 8 ba.

Taura biyu

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to amma wannan ita ce matsalar da masu ƙera keke suka shafe shekaru suna kokawa da ita. Keken gangara zalla ba ya hawa tudu. Giyarsa kaɗan ce, sirdinsa na ƙasa, idan aka taka feda sai shokazoba ta riƙa lotsawa tana shanye ƙarfin mutum. Mai shi dole ya zauna kusa da inda ake da kujerun igiya, kamar Whistler, ko Morzine da Les Gets a tsaunukan Faransa, ko kuma ya sami mai mota ya riƙa kai shi sama. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai turi.

Shi ya sa mutane da yawa suka fi son keken da zai yi aiki biyu: ya gangara kamar na tsere, ya kuma iya kai mai shi sama da ƙafarsa. A farkon shekarun 2000 kekuna irin su Kona Stinky da Santa Cruz Bullit sun yi suna a wannan fanni, sai dai nauyinsu na sa hawa ya zama azaba. Daga baya abubuwa uku suka sauƙaƙa lamarin. Na farko, wani ɗan makunni a jikin shokazoba wanda ke taurara ta lokacin hawa. Na biyu, sirdi mai hawa da sauka, wanda ake latsa maɓallinsa daga kan keke ya yi sama lokacin taka feda, ya nutse lokacin gangara. Na uku, giya 12 a baya, wadda babbar cikinsu ke da haƙora 50 ko fiye, ta yadda ko tudu ya miƙe ana iya lallaɓawa.

Duk da haka, ciniki ne na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. A hawa, mai keke marar nauyi zai wuce ka ya bar ka kana haki. A gangara mafi muni, mai keken tsere zalla zai fi ka natsuwa. Ribarka ita ce keke ɗaya ya ishe ka, kuma ba ka jiran motar kowa. Wannan tunani ne ya haifar da gasar enduro, wadda ta zama ta duniya a 2013, inda ɗan wasa ke hawa da ƙafarsa amma gangara kaɗai ake auna wa lokaci.

Yadda ake sarrafa shi

Kafin a fita, sai an daidaita shokazoba da nauyin mai hawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce idan mutum ya hau ya tsaya cak, ta baya ta lotsa kamar kashi 30 cikin 100 na iyakarta. Idan ta yi tauri keken zai riƙa zillo, idan ta yi laushi za ta riƙa bugun ƙarshenta.

A gangara ba a zama. Tsaye ake yi a kan feda, ƙafafu a daidai, dugadugai ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, domin jikin mutum shi ma shokazoba ne. Yatsa ɗaya tak ake ɗorawa a kan kowane birki. Ana rage gudu ne kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, kuma ido yana can gaba inda ake son zuwa, domin wanda ya ƙura wa dutse ido, dutsen zai daka. A filayen Turai an raba hanyoyi da launi: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sannan baƙi na gwanaye.

Su kuwa gwanayen, abin da ke raba su ƙiris ne. A tseren gangara ɗaya bayan ɗaya ake sakin 'yan wasa, kowa na gama nasa cikin minti 3 zuwa 5. A gasar duniya ta 2009 a Kanbera ta Ostareliya, Steve Peat na Ingila ya doke Greg Minnaar da kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya. Shi Minnaar ɗan Afirka ta Kudu ne, kuma ya ci kambin duniya sau 4: a 2003 da 2012 da 2013 da 2021. Na 2013 a garinsu Pietermaritzburg ya ci shi, na ƙarshen kuwa yana da shekara 39.

Ɗawainiyar da ba a gani a bidiyo

Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san kuɗin sayensa somin-taɓi ne, harawa da dusa da kanwa su ne aikin. Haka wannan keke yake. Sabo mai kyau yakan fara daga yuro dubu 3 zuwa 4, manyan kuwa sukan haura dubu 10. Yuro dubu 4 ya zarce sefa miliyan 2 da dubu 600, tun kafin a yi maganar dako da kwastan.

Bayan saye sai hidima. Kamfanin RockShox ya ba da shawarar a buɗe shokazobar gaba a canza mata mai duk bayan awa 50 na hawa. Gaɓoɓin da ke haɗa bayan keken da gabansa duk boris ne a ciki, kuma ƙura da ruwa suna cinye su. Birki na son sabon mai lokaci-lokaci, kuma ba kowane mai ba: na Shimano daban yake da irin na mota, idan aka zuba wanda ba shi ba robobin ciki za su lalace. Tayoyin roba mai laushi ce domin ta kama dutse, don haka ba sa daɗewa. Ruwan cikin taya shi ma yana bushewa cikin 'yan watanni, musamman a wuri mai zafi. A ƙasa irin tamu mai ƙurar hunturu, inda kayan gyaran sai an yi odarsu daga waje, ƙaramar roba guda na iya ajiye keken miliyoyi a ɗaki wata da watanni.

Ɗawainiya mafi tsada kuwa ita ce ta jiki. Karayar ƙashin wuya da ta wuyan hannu da buguwar kai ba baƙi ba ne a wannan wasa. A gasar Red Bull Rampage, wadda aka fara a 2001 a hamadar jihar Yuta, ɗan wasan Amurka Paul Basagoitia ya faɗi a 2015 ya karya ƙashin baya, lakarsa ta taɓu, ya daɗe yana jinya kafin ya fara takawa da sanda. Wannan gwani ne, a wurin da likitoci ke tsaye suna jira. Shi ya sa hular kwano mai rufe haɓa, da makarin gwiwa da na baya, da safar hannu da tabarau, duk cikin kuɗin keken ake lissafa su.

Hattara da mai kama da shi

A kasuwanninmu ana samun kekuna masu ƙaton sufurin a tsakiya, fenti na walƙiya, kuɗi kuma daidai aljihu. Araha ba ta ado. Yawancinsu sufurin ne kawai ba mai a ciki, ƙarfensu mai nauyi ne, gaɓoɓinsu kuma ba sa jimawa suke fara girgiɗi. Za su kai yaro makaranta lafiya lau, amma ba a yi su don tsalle ba, kuma idan ƙarfen gaba ya karye a iska, fuska ce ke fara isa ƙasa. Wanda ya ci karo da na gaske a cikin kayan gwanjo, ya duba wuraren walda ko akwai tsaga, ya ɗaga sirdi ya ji ko bayan na motsi, ya kuma duba ko shokazoba na yoyon mai, domin gyaranta na iya fin kuɗin da ya biya.

Ga mai zirga-zirga a hanyoyinmu na yashi da burji, keke mai shokazoba a gaba kaɗai ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma mai gyaran keke na bakin titi zai iya da yawancin matsalolinsa. Wanda kuwa zuciyarsa ta nace sai na gangara, to ya fara tambayar kansa abu uku: ina tsaunin da zai hau, wa zai gyara masa, kuma ina asibiti mafi kusa? Idan ya sami amsa, ya sayi hular kwano tun kafin keken, ya fara da ƙaramin tudu, kada kuma ya fita shi kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye.